Kujeru Goma Sha Biyu a Ɗakin Ajiya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, kafinta, kuma da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, bai ce kai ya taɓu ba. Murna ce ta cika ni, tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Na gano abin da zai kashe gabar da ke tsakaninku, kai Dogo da kai Auta, da 'yar'uwarku Nas, kuma ba zan tafi da shi a ciki ba.

Na ɗaya. Mai katako ba ya bina ko sisi, na biya shi ran Talata, rasit yana cikin aljihun tebur. Mai fenti ma haka. Kun san halina, shekara talatin ina karɓar kafin alƙalamin wannan in ƙarasa aikin wancan, kullum ina bayan kaina da aiki guda. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, takan ce in ta ji na shiga banɗaki na daɗe, to wanda ya ba ni aikin gadon kwana ne ya zo karɓar gadonsa. Dariya muke yi, amma kunya ce tsagwaronta, kuma ba na so ɗayanku ya ɗanɗana ta.

Na biyu. Shago da injin yanka katako su zauna a hannun Dogo, a ƙiyasta kuɗinsu a fitar wa kowa haƙƙinsa yadda shari'a ta tsara. Dogo, kuɗin kafin alƙalami ba naka ba ne sai ranar da kaya suka fita daga ƙofa. Ka ware masa gwangwaninsa daban, ko cefane ya gagara kada ka taɓa. Kai kuma Auta, na san bashin da kake ci ta waya. Na ga yadda kake kife ta in ta yi ƙara. Ka biya daga rabonka tun kafin ka sayi takalmi, ƙafa biyu gare ka kamar kowa.

Na uku. Mai askin da ke gefenmu yana da sauran kuɗin benci. Na yafe. Ya yi shekara goma yana sauraren surutuna kyauta, mun yi daidai.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin takardar nan. A ɗakin ajiya akwai kujeru goma sha biyu da aka biya kuɗinsu cas, ba a zo ɗauka ba. Shida mai kemis ya sa na yi, shida direban motar asibiti, ɗaya bayan ɗaya cikin shekara uku, kuma kullum a daidai lokacin da nake cikin matsi. Ni kuwa ina ta yi muku fahariya wai aikina ne ya yi suna. Jiya na ce bari in sauke nauyin mutane, na lallaba na je kemis. Mutumin ya yi ta kame-kame, da na ce masa kwanana sun ƙare sai ya sunkuyar da kai ya faɗa mini gaskiya. Nas ce take kawo musu kuɗin, shi da direban, duk ƙarshen wata, ta ce a sa ni aiki, don ta san in ta miƙo mini a hannu zan mayar mata, in ƙara da faɗa. Da albashinta na fita daga ramin da na haƙa wa kaina.

Wallahi a bakin titi na tsaya ina dariya ina hawaye, har na manta sandata a kemis. Yarinyar nan ta yi wa ubanta wayo shekara uku, ban taɓa jin daɗin an yaudare ni ba sai jiya.

To ku tuna ranar da za a sake rufin gida, aka ce kowa ya kawo nasa, ta ce ba ta da shi. Dogo, a gaban mijinta ka ce ita kaɗai take cin albashinta. Auta ya taya ka. Ni ina zaune ban ce uffan ba, don a raina na yarda da ku. A watan da aka yi maganar nan ne aka biya kuɗin kujeru biyu, na duba littafi. Shekara biyu ke nan ba ta taka gidajenku, ba ku taka nata, laifina a ciki ya fi na kowa.

Na biyar. Kujerun nan ba sa cikin gado, nata ne, ta saya. Huɗu daga ciki ban ƙarasa ba, ba su da jingina, don na ci kuɗin katakonsu kamar yadda na saba. Wannan ne bashi ɗaya da ya rage a wuyana. Dogo, kai za ka ƙarasa su da hannunka, Auta ya shafa fenti, kada ku ba kowa. Ku biyun za ku kai mata har cikin falo, kada ku aika direba. Abin da za ku faɗa mata in kun sauke, wannan ba sai na rubuta muku ba.

Ke kuma Nas, kada ki ji haushin mai kemis, ni na matsa masa. In sun zo ki buɗe ƙofa. Ki yafe wa tsohon da ya yi shiru ranar da ya kamata ya yi magana.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya sa ku kwana ba mai binku, ya ba ku 'ya'yan da za su rufa muku asiri yadda aka rufa mini. Ku riƙe juna, kada kuɗi ya sake shiga tsakaninku. Kuma Dogo, kada ka jira sai an binne ni. Na sayo katakon jinginar, yana bayan ƙofa, na auna na yanka da safen nan. Ka fara gobe, ina so in ji labarin da kunnena.