Jan Bik ɗin Inna

Tamanrasset, 9 ga Janairu

Zuwa ga Kawuna Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, da iyali, da ɗalibanka na kolej a Damagaram. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya hana kowa sakewa.

Na rubuto a takarda ne don waya ɗaya ce a gidanmu, tana aljihun Baba, kuma maganar nan ba ta kunnen kowa ba ce.

Ka san ba mu da takardar zama a ƙasar nan, don haka lekkol, wato makarantar garin nan, ba ta karɓe ni ba. Ko ƙofar gida ba na wucewa tun da aka kwashe maƙwabtanmu aka kai su iyaka. Lekkol ɗina tabarma ce a tsakar gida, malamata kuwa ƙanwarka, Inna. Da asuba in ɗora ruwan shayi, in yi shara, Baba ya tafi shago. Ƙarfe takwas daidai Inna za ta yafa mayafi kamar mai fita unguwa, ta fito da jan bik, alƙalaminta na gyara, a hannu. Dikte, wato shifta, zuwa tara, lissafi zuwa sha ɗaya, sai tarihi a madafa, tana yanka albasa ina karanto mata. Bayan azahar in yi aikin da ta ba ni, da la'asar ta gyara. Shekara huɗu ke nan haka, ban da Juma'a.

Kawu, tsoro nake ji. A watan Yuni zan sauko in rubuta jarrabawar BEPC, amma tun Oktoba ban ga kuskure ko ɗaya a kayena, wato littafin aikina na lissafi, ba. Ko'ina "bien", "très bien", wai ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Haba! Ni Mansura, da har yau sai na haɗa da yatsu? Shekaranjiya na yi abin kunya. Da gangan na rubuta shirme, na juya alamomin duka. Ta daɗe tana kallon shafin, leɓenta na motsi, sannan ta rubuta "très bien", har da shafa mini kai. Na shiga bayi na sha kukana.

Sai na tuna a aji biyu ta bar kolej, ni kuwa littafin aji huɗu nake yi. Ashe shi ya sa nake tarar da ita bayan sallar asuba ta tasa littafina gaba.

Ga kayen nan na ba Khamisu, direban da ke sauka da kaya wajenku. Na ce wa Inna ya ɓata, Allah ya yafe mini. Ka gyara shi, kada ka ji tausayina. Kuma ka ja wa Khamisu kunne, a hannuna zai miƙa, ni kaɗai.

'Yarka,
Mansura

Tamanrasset, 20 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jikin su Gwaggo Laure da yara?

Mako shida shiru! Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in ruga in leƙa ta ƙofa. Har yanzu takwas na yi muna zama. Ina miƙa sabon kaye, tana sa "bien", ina cewa na gode. Nakan yi lissafi ɗaya sau biyu in sami amsa biyu, in zauna ina kallonsu, ba wanda zan tambaya. Wallahi wani lokaci ji nake kamar in fasa ihu. In kaye bai iso ba ka faɗa mini, in ka manta da ni ma ka faɗa mini.

'Yarka mai jira,
Mansura

Tamanrasset, 4 ga Maris

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni kam ba lafiya ba.

Kaye ya iso, na gode, amma bai iso hannuna ba. Khamisu ya ce shi ba zai tsaya a ƙofar gidan mutane yana kiran budurwa ba, sai ya yi sallama ya ba matar gida. Na fito daga wanka na tarar da Inna zaune tana buɗe shafi bayan shafi. Koren bik ɗinka a ko'ina, "faux", wato kuskure, kusa da kowane "très bien" nata.

Da ma ta mare ni, Kawu. Ta rufe kayen ta tashi ta ɗora tukunya. Da Baba ya dawo ta ce masa ilminta ya ƙare, a sa ni motar Khamisu ranar Alhamis in yi watannin nan uku a gidanka. Bai musa ba. Abin da nake nema ke nan, ga shi na samu, amma ba ta wannan hanyar na so ba.

Jiya muna ninke kayana ta tambaye ni, idonta a kan zane, wai tun yaushe ta fara koya mini ba daidai ba. Na riga na bi tsofaffin kayena da irin gyaranka, na san amsar: tun farkon bara ne. Sai na ce mata daga wannan kayen kawai, wanda na fara a Oktoba. Ta sauke numfashi, ta ce alhamdu lillahi, ashe shekaru uku da wani abu da ta yi tana koya mini ba su tafi a banza ba.

Tsofaffin suna ƙasan jakata, da su zan taho don kada ta gani. Za mu gyara su tare, ni da kai, a ɓoye, ko lokacin zai isa ban sani ba. Na ji ta ce wa Baba za ta kira ka, wai kai malami ne, ba za ka ɓoye mata ba. Ban taɓa roƙon babba ya yi ƙarya ba, yau ina roƙonka. In ta tambaye ka, Kawu, ka ce daga Oktoba ne.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

'Yarka,
Mansura