Hannun Hagun Garba

Assalamu alaikum, Garba, ɗan kawuna. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina gaida iyali.

Bara na ji ana faɗi a tashar Isa wai hannunka na hagu ya shanye, ka aje jita. Dariya na yi. Na ce wa direban da ya kawo zancen, mutumin da ke rubuta wa talabijin wasan ban dariya ai bai rasa ƙaryar da zai aiko gida.

Ka san tsakaninmu. Taubasai muke, tun muna tsaron gero a Tozai ba mu taɓa yi wa juna magana miƙe ba. Ranar da ka ɗaura wayar birkin keke a gwangwanin man gyaɗa ka ce jita ce, na ce ko jakin Baba ya fi ta murya. Ka tafi Sakkwato, waƙoƙinka sunka shiga rediyo, ban fasa ba. Kai ma ka rama. Tsohon nan na wasanka mai barci a kan buhun dawa yana rantsuwa gadi yake yi, duk Isa an san ni ne. Har yau yara na kirana da sunanshi, kuma ina amsawa.

To sai ga kiranka da damina. Ka ce, "Mamman, yatsuna sun daina jin magana." Na ce da ma yaushe sunka taɓa ji, ai kunnuwan jama'a sun huta. Ka yi 'yar dariya, ka ce in gaida gida. Na kashe waya ina murna na kada ka.

Ashe duk danginmu ni ka zaɓa ka fara gaya wa. Ni kuwa na ba ka abin da na saba ba ka.

Tun ranar ba ka sake kira ba, ni ma ban kira ba, ina jiran ramuwa. Wasanka na kan kalla a shagon mai shayi, in yi dariya har da hawaye, ban san da baki kake faɗa ana rubuta maka ba, kai da kake bahago.

Ran kasuwa mai zuwa za ni shigo mota, in hanya ta yi kyau. Ban iya zama kusa da kai ba tare da tsiya ba, Garba, ban taɓa gwadawa ba. In na zo na yi shiru, kada ka ɗauka fushi ne.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya sa in iske ƙofarka buɗe.

Mutane da yawa sun faɗa mini ciwonka gaskiya ne, ban yarda ba. Ta ƙarshe ɗiyarka Saratu ce, jiya a zaurena. Ta ce kullum sai ka tambaya ko Kawu Mamman ya kira.

Taubashinka,
Mamman