Mamacin Da Ka Yaba Yana Zaune A Ƙofarmu

Sekondi, ranar Alhamis

Zuwa ga Ekow, hasken idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, iskar teku mai shigo mini ta taga da la'asar, mijina da na zaɓa, kuma zan sake zaɓa ko sau nawa aka tambaye ni!

Kwana tara ke nan rabona da kai. Kwana tara! A littattafan soyayyar nan da kake yi mini tsiya a kansu, idan masoyi ya yi tafiya sai marubuciya ta ja layi ta ce bayan shekara uku, a juya shafi, ga shi ya dawo. Ni ba wanda ya ja mini layi. Kowace rana sai na bi ta da ƙafa tun daga asuba har faɗuwarta. Ka kashe wayarka ka ɓuya a gidan gwaggonka a Axim, shi ya sa na ba Maame Ekua mai ƙyafaffen kifi wannan takarda ta kawo maka gobe. In ka ji tana ƙaurin hayaƙi, ka yi haƙuri, rabi na kifi ne, rabi na zuciyata.

Ka tuna ranar da ruwan sama ya koro ni shagon kawunka na bakin kasuwa, littafina a ƙarƙashin riga? Na same ka kana goge wani tsohon faifai a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ko sunana ba ka tambaya ba, sai ka ce, "'Yan mata, kin san yau shekara arba'in da shida da fitowar wannan?" Na ce ni ruwa nake guje wa. Ka ce, "To zauna, ruwan ma zai tsaya ya ji." Ka ɗora allura, ƙahon Egya Bentsil ya tashi, siriri, yana rawa kamar hasken rana a bayan igiyar ruwa. Ruwan bai tsaya ba, masoyina. Ni ce na tsaya, kuma har yau ban tafi ba.

Da aka zo sa ranar aurenmu, sati biyu ka yi kana juya baƙin littafinka, wanda ka cika da ranakun fitowar fayafayai da ranakun mutuwar makaɗan jaz da na rok, kana neman rana guda da babu wanda ya mutu a cikinta. Har mahaifiyata ta ce, "Wannan surukin nawa, aure zai yi ko gadin maƙabarta?" Kowa ya yi dariya. Ni kuwa na ce a raina, mutumin da bai manta da matattun da bai taɓa gani ba, yaya za a yi ya manta da ni?

To me ka yi da har za ka guje ni? Ranar Lahadin da ta gabaci tafiyarka a shirinka na rediyo ka ce faifan Egya Bentsil ya cika shekara hamsin, shi kuma ya cika goma da rasuwa. Haka yake a littafinka, haka yake a littafin duk wani mai tara fayafayai a garin nan, tun da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo labarin an binne shi a Abidjan. Ka ce ƙahonsa kamar jirgi ne yana ban kwana da gaɓar da ba ya son bari. Na yi kuka a kan tukunya. Sai ga shi da safiyar Litinin wata mata ta bugo gidan rediyon ta ce, "Ku gaya wa yaron nan, mamacin nasa yana nan garin Shama yana ɗinkin taru, yanzun nan muka gama faɗa da shi a kan barkono!" Na san abin da ya biyo baya. Na ji direbobin tasha suna ɗaga maka murya, "Oga Ekow, yau kuma wa za ka binne mana?" Na ga yadda ka shigo gida ba ka iya kallon idona. Da safiyar Talata na tarar da gefenka na gado a sanyaye.

Yanzu ka saurara, ruwan sanyina, don ga abin da ba ka sani ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina shanya sai ga wani dogon tsoho a ƙofa, 'yarsa Mansa tana riƙe da hannunsa, shi kuma yana rungume da wani akwati da aka ɗaure da igiyar taru. Ya ce, "Nan ne gidan wanda ya binne ni?" Na durƙusa ina ba da haƙuri. Ya ce, "Tashi, 'yata, fatalwa ba ta cin mutum da rana. Akwai dokunu da kifi? Tun da na mutu ban ci na kirki ba."

Bai zo da fushi ba, Ekow. Ko kaɗan! Bayan ya ci ya wanke hannu, sai ya ce, "Ina mijin naki? Rabin yabon kawai na ji. Ya kai wurin jirgin nan, sai batirin rediyona ya ƙare. Shekara talatin ba wanda ya kira sunana sai mai yagaggen taru. Rana ɗaya aka yabe ni, a ce kuma ban ji ƙarshe ba?" Na ce ka yi tafiya. Ya kalle ni, ya kalli takalman aikinka a bakin ƙofa, ya ce, "To, zan jira. Mu matattu ba ma sauri."

Tun daga ranar yana gidan Mansa a nan cikin gari, kuma kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a kujerarka. Na sa masa faifansa. Ashe shi ba shi da ko guda, nasa ruwa ya ci tun tuni. Ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Da aka zo wani wuri sai ya yi tsaki ya ce, "Ji nan, na yi kuskure. Shekara hamsin ba wanda ya kama ni!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, tarin ya daɗe bai sake shi ba.

Wannan tarin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya Mansa ta biyo ni kicin ta ce, "Araba, ƙirjinsa ne. Likita ya gaya mana. Ba ma sa ran zai ga Kirsimeti." Ƙahon da ke cikin akwatin ya fi shekara bakwai bai iya busa shi ba. Yana dai ɗauko shi kullum, don ya ce ba zai je gaban mai yabonsa hannu biyu ba.

Ya taurarona, ya gaɓar da kwalekwalena ke nufa, me kake jira? Kunyar direbobi? Su da za su manta kafin manja ya ƙare a kwalba? Duk shekarun nan kana yabon mutanen da kunnensu ya riga ya cika da ƙasa. Wane mai shiri ne aka taɓa ba shi mamacinsa ya dawo, ya zauna a gabansa, ya ce ƙarasa ina ji? Shugaban gidan rediyo ya aiko cewa kujerarka tana nan ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, amma ba zai riƙe ta fiye da haka ba. Egya ya riga ya sa an goge masa kwat ɗinsa. Ya yi masa yawa yanzu, na ɗan kama masa kafaɗun da zare.

Baƙin littafinka yana nan inda ka jefar da shi. Na ɗauka na share masa ƙura. Egya ya sa na nuna masa shafinsa, ya daɗe yana kallon ranar mutuwar da ka rubuta masa. Na ce in soke ta? Ya ce, "A'a, 'yata. Wanda ya rubuta shi zai soke. Amma ki ce masa ya yi sauri, kada ya zo ya tarar gyaran ranar kawai ake buƙata."

Ka biyo motar Asabar, Ekow. Ka dawo da kunyarka, mu raba ta biyu, ai ta fi sauƙin ɗauka.

Ni kuwa ga alkawarina. Ko duk jiragen teku sun kawo labarin ka tafi ba za ka dawo ba, ko duk gidajen rediyon duniya sun faɗa, ba zan rubuta shi a littafina ba. Zan ci gaba da dafa na mutum biyu. Na Lahadin nan ma na mutum uku zan dafa.

Taka, jiya da yau da duk ranar da ta rage a littafin,

Araba