Atishawar da Ke Neman Tona Mini Asiri

Anti mai shawara, don girman Allah ki taimake ni. Abin da na binne shekara ashirin da bakwai ya tashi, kuma wanda zai auri autata ne ya tono shi.

Ni shugabar makarantar firamare ce. Idan na tako baranda, har malamai sai sun gyara tsayuwa. A gida ma ba na wasa. Tun yarana suna ƙanana na hana su kallon fina-finan ban tsoro, ina ce musu ɓata ƙwaƙwalwa suke yi. To Anti, ba tarbiyya ba ce kaɗai ta sa. Tsoro nake kada wata rana su ci karo da ni a ciki.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, yayana da abokansa suka ce za su yi fim. Kyamara ɗaya suka aro, ita ma murfinta da roba aka ɗaure. A gidan kawunmu da ba a gama ginawa ba aka ɗauka, da rana tsaka, an toshe tagogi da barguna don a ce duhu ne. Wadda za ta fito a fatalwa ta gudu ranar farko, sai yayana ya lallaɓa ni. Aka lulluɓa mini labulen mahaifiyarmu, aka shafe mini fuska da garin fulawa, jinin kuma kalar kek ce da sitaci. A wurin da ya fi ko'ina ban tsoro, na fito daga bayan ƙofa zan shaƙe maigidan, sai garin ya shige mini hanci. Na yi atishawa sau uku, ta ƙarshen da wani ɗan fito a bayanta, dama haka Allah ya yi tawa. Babu sauran kaset da za a sake ɗauka, aka bar ta a ciki. Fim ya fito, ko mutum hamsin ba su saya ba. Na yi hamdala. Riba ɗaya na samu, mai riƙe fitila a wurin shi ne yau baban yarana.

Ashe wani ya ɗora shi a intanet. Yanzu akwai matasa da aikinsu ke nan, neman tsofaffin fina-finan tsoro da aka yi da ƙaramin kuɗi, waɗanda kowa ya manta da su. Wai sun fi masu tsada rai. Namu ne gwarzonsu. Taruwa suke yi su kalla, in an zo wurin nan duk ɗakin ya yi atishawa tare da ni. Har gardama suke a kan dalilin da ya sa fatalwar ke ɗingishi, wasu na cewa alamar nauyin zunubi ce. Ƙusa na taka, Anti!

Saurayin autata mai zanen gine-gine ne, yaro mai hankali, ba ya haɗa ido da ni. Shi ne jagoran masu taruwar nan. Autata da kanta take ba ni labari tana dariya, wai shekara uku yana neman matar da ta yi fatalwar, saboda sunan bogi aka rubuta a ƙarshen fim ɗin. Watan jiya ya zo gaishe mu, yana zaune a ƙasa, autata ta kawo masa shayi. Turarensa ya bugi hancina. Na danne, na danne, abin ya fi ƙarfina. Sau uku, har da fiton. Kofin ya suɓuce daga hannunsa ya tarwatse. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da na san shi, sannan ya sunkuya yana tsince fasassun kofin yana ba da haƙuri. Baban yara kuwa ya tashi ya shige banɗaki, ina jiyo shi yana dariya har da tari.

Yanzu ya aiko da katin gayyata ta hannun autata. Za su nuna fim ɗin a wani ƙaramin zaure ranar Asabar da yamma, wai zai ji daɗi idan iyaye suka halarta. Ita ba ta san komai ba. Tun ranar nake danne atishawa a gidana, idona har ruwa yake yi. Ba mutanen gari nake ji ba. Yarinyar nan nake ji. Na taɓa ƙwace mata waya sati biyu a kan irin fim ɗin nan. Idan ta gane, da wane ido za ta ƙara kallona? Kuma wace suruka ce surukinta ke da hotonta cikin labule da fulawa? In je, in ƙi, ko in ce ba ni da lafiya?

Taki,
Fatalwa mai ritaya

*

'Yar'uwa mai ritaya,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma na ji damuwarki. Kunyar da ke tsakanin suruka da suruki abu ne mai kyau, kuma kujerar da kike kai tana buƙatar kwarjini. Ba wanda zai tilasta miki hawa dandamali ana tafa miki. Wannan haƙƙinki ne.

Sai dai ki daina tambayar ko yaron zai gane. Ya gane tun ranar da kofi ya faɗi. Dubi kuma abin da ya yi: shekara uku yana nemanki, ya same ki a falo, bai gaya wa abokansa ba, bai gaya wa wadda zai aura ba. Kati ya aiko, ya bar miki zaɓi. Wanda ya iya riƙe wannan a cikinsa wata guda, ki ba shi 'yarki hankali kwance.

Matsalar tana wajen autarki. A yanzu uwarta ta sani, ubanta ya sani, saurayinta ya sani, ita kaɗai aka bari a waje. Fim ɗin ba zai ɓata mata rai ba, amma idan ta ji a bakin wani, wannan zai yi mata ciwo. Ki kira ta kafin Asabar, babanta na zaune tun da shi ya haska fitilar. Ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, har da ƙusar. Ki ba ta haƙurin wayar nan ma, ba zai rage miki komai ba. Za ta tsokane ki, ki shirya, wataƙila har jikokinki su gaji tsokanar. Amma za ta san cewa uwarta ta taɓa zama budurwa mai ƙarfin hali, wadda ta ceci aikin yayanta da labule ɗaya.

Zancen zaure kuwa, ku yanke tare da ita. In za ki je, baban yara ya ja surukin gefe ya ce kujerar baya kuke so, ba a kiran suna. In ba za ki je ba, ki aika wa yaron da sabon kofi, zai fahimta.

Wani abu kuma. Na nemo fim ɗin na kalla. Na ga igiyar da ke jan ƙofar, na ga inuwar mai fitila a bango, duk da haka lokacin da kika fito sai da gabana ya faɗi. Kin iya aikin, ba abin kunya kika yi ba.

Allah ya sanya albarka a auren, ya ƙara haɗa kanku. Ki kuma saki hancinki ya huta, ki yi atishawarki a gidanki, sau uku, har da fiton.

Antinku