Lebul Ukun da Na Buga wa Chamsou

Greensboro, Amurka, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Husaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Jimmai da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Mu ma a jiki lafiya lau muke. Maigidana Adamou yana nan yana fama da lodin kaya a sito can titin Wendover, bayansa na damunsa amma ba zai faɗa ba, ka san halin surukinka. Ɗiyarmu Zahara ta shiga lakwal, makarantar boko ke nan, in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci, har gyara mini nawa take yi. Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Duk sanda na kira ka Inna ce ke karɓe wayar, kuma in ta ji muryata yau za ta gane akwai abin da ke damuna. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka, don Allah ka karanta kai kaɗai.

Ka san sana'ata, atamfa da shadda da leshi da nake sayarwa a kasuwar intanet, wadda kake yi mini tsiya da ita wai shago babu ƙofa. To a nan in mutum ya sayi kaya bai yi masa ba, yana da damar mayarwa, kuma ni mai sayarwa ce ke shirya masa takardar mayarwar, lebul muke ce mata. Sai in shiga waya in rubuta adireshin mai aikowa, in sa nauyin kayan, in biya kuɗin aikawa da katina, takarda ta fito da sunana da adireshin gidanmu a matsayin mai karɓa. In tura masa, ya buga, ya manna a jikin kwali, ya miƙa a gidan waya, babu mai tambayarsa ko wane ne shi. Hannuna ya saba da aikin kamar ɗaurin kallabi, ina juya miya ina yi.

Watan jiya wani ya kira ni, ya ce sunansa Chamsou, ɗan Damagaram ne da ke zaune wata jiha can yamma, kuma kai ka ba shi lambata. Ya yi mini gaisuwa irin ta gida, ya tambayi jikin Inna, har raina ya yi fari. Daga nan ya ce yana da saƙon tufafi da takalma da yake so su isa wurin ƙanensa nan garin, amma ƙanen bai da tsayayyen masauki, shi kuma katinsa ya samu matsala. Wai in taimaka in buga masa lebul uku irin na mayar da kaya, kwalayen su sauka gidana, a zo a kwashe. Yaya, ɗan garinmu ya roƙe ni riƙon saƙo, ya kuma ambaci sunanka, da wane baki zan ce a'a? Mu da muka tashi ana damƙa mana ƙullin mutane a tasha, mu kai inda aka ce ba tare da mun tambayi abin da ke ciki ba. Na zauna na buga masa ukun. Adireshin da ya karanto mini shi na rubuta, sunan mai aikowa ma ba nasa ba ne, ya ce na maigidansa ne. Ko Adamou ban gaya wa ba, don ban ɗauke shi wani abin faɗa ba.

Ranar Litinin kwali na farko ya iso, an naɗe shi da salatif ta ko'ina, ga nauyi wanda ba na tufafi ba. Na ja shi bayan ƙofa ban buɗe ba, tunda kayan amana ne. Ba a jima ba Chamsou ya kira, muryar nan mai laushi ta tafi. Ya ce kada in taɓa, kada in gaya wa kowa, sai sauran sun iso za a zo gaba ɗaya. Na dai yi ta ba kaina haƙuri. Ana haka maƙwabciyata Anti Prisca ta shigo, ƴar Jos ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta zo zaɓar atamfar anko ta matan cocinsu. Ƙafarta ta bugi kwalin, muka ji wani kacau-kacau a ciki. Ta tsaya cak ta dube ni, ta ce wannan ƙarar ƙwayoyi ce a cikin kwalabe, kullum tana jinta a wurin aiki. Na ba ta labarin duka. Ta kama hannuna ta ce, "Saadatou, wa ya buga lebul ɗin? Wa ya biya? Gidan wa ya sauka? Sunansa bai fito ko'ina ba, naki ne kaɗai."

Wallahi Yaya a kan dilar atamfa na zauna. Ka san takardunmu na zama suna hannun hukuma, muna jiran a kira mu, kuma abu kaɗan ke ɓata wa mutum komai a ƙasar nan. Da Adamou ya dawo na gaya masa, na so ya yi faɗa in ji sanyi, amma sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa. Da ya buɗe baki cewa ya yi mu sa shi a mota mu jefa a bolar bayan shagunan Gate City. Anti Prisca ta ce a'a, na'ura ta riga ta rubuta an ajiye shi a ƙofarmu, kuma masu shi za su zo nema. Ita ta tuƙa mu zuwa wurin ƴan sanda, ni da kwalin a kan cinyata, ina ta salati har muka isa.

Wata ƴar sanda ta sa safar hannu ta yanka salatif ɗin a gabanmu. Tsofaffin riguna ne a sama, a ƙasa kuwa kwalabe cike da ƙwayoyi, duk an ɓanɓare musu suna. Ba ta yi mini tsawa ba, ta duba saƙonnin wayata, ta rubuta abin da na faɗa, sannan ta tambaye ni lebul nawa na buga masa. Da na ce uku, sai ta ce in soke sauran nan take. Na shiga waya. Ɗaya ya soku. Ɗayan ya ƙi, wai an riga an karɓi kwalin, yana kan hanya, ranar Juma'a zai iso ƙofata. Sun ce in bar shi ya zo, in ci gaba da amsa wa Chamsou kamar ban san komai ba, in kira su da zarar kwalin ya sauka ko wani ya ƙwanƙwasa. Lauyan da ke bin takardunmu na zama ya ce mun kyauta da muka kai da kanmu, amma da na tambaye shi ko hakan zai wanke ni, cewa ya yi sai dai a jira a gani.

Yau da safe Chamsou ya sake kira, na danne muryata na amsa. Ya tambaya ko kullum ina gida, sannan cikin dariya ya ce, "Yarinyar taki yaushe take dawowa daga lakwal?" Yaya, ban taɓa gaya masa ina da ɗiya ba. Ina ajiye wayar na je na ɗauko Zahara daga aji, yanzu tana gidan ƙanwar Anti Prisca a Pleasant Garden, na ce mata hutu aka ba ta. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar nan. Ko motar wani ta tsaya a waje sai na leƙa ta taga.

Ba zarginka nake ba, Allah ya sani. Amma ka gaya mini gaskiya, ka san mutumin nan? In wani ne ya zauna da ku wurin shan shayi ya karɓi lambata, ka bincika a hankali ɗan gidan wa ne, kada ka tunkari kowa, kada kuma ka sake ba wani lambata ko da ya rantse da Alƙur'ani. Inna kuwa kada ta ji komai, ka ce mata kawai na ce ta sa mu a addu'a.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, da Anti Jimmai, da Kawu Djibrilla, da Oumaima da jaririnta, da Assibi. Adamou ma yana gaishe ku. Fasfon Zahara da takardar haihuwarta na damƙa wa Anti Prisca tare da lambarka. In ranar Juma'a ka ga kira daga Amurka da lambar da ba ka sani ba, don Allah ka ɗauka.

Ƙanwarka mai neman addu'arku,
Saadatou