Baƙin Burodi da Bakin Līva

Asabar, 5 ga Yuli
Sun iso! 'Yata Dzintra da jikata Līva, daga Ireland. Shekarar yarinyar biyar, yau ta fara taka Latviya. Mako biyu kawai za su yi. Ko kalma ɗaya ta harshenmu ba ta furtawa. Dzintra ta shigo da farin burodin kanti a leda. "Baba, kada ka matsa mata, ba za ta ci baƙin nan naka ba." Na ce a gidana ba a cin auduga.

Litinin, 7 ga Yuli
Līva ta shinshina baƙin burodin, ta ture. Ba komai. Ba za ta koma ba sai da ɗanɗanon gidan nan a bakinta.

Laraba, 9 ga Yuli
Dzintra ta wanke akushin kwaɓi da sabulu! Wai ya yi datti. Shekara arba'in ba a wanke shi ba, tsamin da ke tayar da burodi a jikin katakon yake zaune, tun hannun marigayiya uwarta. Ta yi kuka. Ni ma, a rumfar itace.

Alhamis, 10 ga Yuli
Dole na je roƙon tsami wurin maƙwabciyata Skaidrīte. "Kai ne, Visvaldis? Ba kai ka ce burodina bulo ba ne?" Na ce har yanzu bulo ne, zubo mini. Ta zubo.

Asabar, 12 ga Yuli
Līva ta tsoma hannu a kwaɓin har gwiwa. Uwarta na ihun riga, na ce a bar min ita. Da na fitar daga tanderu, na yanka mata gefe, na shafa zuma. Ta tauna, ta daɗe. Sai ta dube ni: "Garšīgi!"
Da daɗi, ke nan. Kalmarta ta farko a harshenmu! Daga garša ta fito, wato ɗanɗano. Haka malamarmu ta ajin manya na yamma ta koya mana, lokacin ina da shekara arba'in, hannuna duk kantar aiki. Na rubuta ta sau uku a nan, don kawai na iya.

Lahadi, 13 ga Yuli
Burodin wannan gashin ya fi na da tashi. Garin ne mai kyau, ba tsamin Skaidrīte ba. Na dai aika wa Skaidrīte curi guda.
Ran Alhamis Līva za ta kwaɓa nata ƙarami. Na gaya wa mai kawo wasiƙu ya yi shela: kowa ya zo ya gani. Skaidrīte kuwa a gaba za ta zauna.