Kar ki faɗi sunan cutar a gaban Inna

Yaya,

Na dawo daga wurin likitan dabbobi ban same ki ba, kuma dole in koma wurin aiki.

Sakamakon jinin muzurunmu Gwarzo ya fito, ba daɗi. Yana ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jikin maguna, kanjamau ɗinsu dai. Ashe shi ya sa ya daina cin abinci, mu muna ta cewa iyayi ne. Likita ya ce ba ta warkewa, amma in aka kula da shi zai yi shekaru. Ba ta kama mutum ko kaɗan. Ta cizo suke ba juna, kin kuwa san shi da ɗaya muzurun namu Ɗan Baƙi ba sa ga-maciji.

Na rufe shi a ɗakin guga da abincinsa da ruwa da yashi. Zai yi ta kuka, ki daure, kar ki buɗe. Sauran magunanmu ukun zan kai su gwaji ranar Asabar. A cikinsu na fi damuwa da kyanwarmu Amarya, ita ya ciza a wuya makon jiya.

Don Allah kar ki faɗi sunan cutar a gaban Inna. Da ta ji "kanjamau" ba za ta tsaya jin sauran bayani ba, sai dai mu dawo mu tarar ta sa an jefar da shi a buhu. Ta tambaye ni ɗazu, na ce mura ce, Allah ya yafe mini. Kin san tun rasuwar Baba a ƙafarta yake kwanciya. Sau biyu ke nan tana zuwa bakin ƙofar tana ba shi haƙuri.

Ƙanwarki